Gada Mai Ƙofa Huɗu

Arzika na Katako ba ya tambayata me zan yi da su.
Gawar rediyo biyu, firinta ɗaya mai karyayyen baki.
Ya ce jikka, na ce dala ɗari,
muka rabu a ɗari da hamsin,
ya ɗora min ƙaramin inji gyara.

Bayan isha'i na feɗe su a tabarma.
Taransista nake nema, mai ƙafa uku.
Kwandansa mai kumburin ciki, bola.
Mai lafiya, gwangwanin madara.

Allon tagulla, faɗin tafin hannu.
Baba ya shekara talatin yana jan ruwa
a lambun Gamkalle, fangali bayan fangali,
ya toshe nan da laka, ya buɗe can da diddige.
Ni ma ruwa nake ja, sai dai nawa ba ya jiƙa hannu.
Na zana masa hanya da baƙin alƙalami:
inda zai taho da ƙarfi in faɗaɗa,
inda saƙo kaɗai zai bi in bar ta kamar zare.
Hanya biyu ba sa gaisawa.
In ya zama dole su ƙetare juna
in yi wa ɗaya tsallake da guntun waya.

Sai in tsoma allon a ruwa mai kalar tsatsa,
in yi ta girgiza roba
har ya cinye duk abin da ban rufe ba.

Gadar tawa ƙofa huɗu gare ta, inji a tsakiya.
Ta sama hagu da ta ƙasa dama: gaba.
Sauran biyun: baya.
Amma kada, ko na ƙiftawar ido,
ta sama da ta ƙasa a gefe guda su buɗe tare.
Na sani. Har a bango na rubuta.
Ranar Talata na aikata.

Hayaƙin bai taka kara ya karya ba,
warin ne ya ƙi fita,
har Inna ta leƙo tana tambaya wa ya bar tukunya.
Na taɓa taransistar, ta yi min tambari a yatsa.

Ta biyu ma ta ƙone, sannan na gane:
ashe inji, in ka yanke masa wuta yana cikin gudu,
shuri yake kaiwa baya
kamar jakin da aka janye wa dusa.
Diyod huɗu na dasa su tare shurin.

Sha ɗaya na dare kuran ya tafi.
Na cusa ƙarfen dalma cikin gawayin shayi.
Barira ta riƙe min fitila tana hamma,
hasken yana yawo,
ina cewa nan, nan, ba fuskata ba.
Ɗigo talatin da bakwai,
uku na sake don sun fito da tozo.

Jikinsa gwangwanin kifi,
tayoyinsa murfin kwalba naɗe da kyauro.
Aiki ɗaya na ba shi:
kofin shayi, daga murhu zuwa tabarmar Baba,
taku shida.

Da hantsi na danna.
Ya yi gurnani, ya yi makyarkyata, ya tafi
da baya.
Ya bi ƙarƙashin kujera, ya watsa kaji,
ya tsaya gindin randa yana tura ta da gaske.

Barira ta faɗi ƙasa don dariya.
Baba bai yi ba.
Ya sauke kofin, ya juya cikin abin sama,
ya bi hanyoyin tagulla da farce
ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe.
Ya ce, ruwanka ya iso,
bakin magudanar ka juya.

Ja da baƙa. Waya biyu kacal.
Na durƙusa ina hura gawayi,
shi kuwa ya shanye shayin a tsaye, da sanyinsa,
ya miƙo min kofin ya ce, sake cikawa,
ina jira a can.